Fulogi

fulogi (suna, namiji) Ƙaramin ƙarfe mai farar rigar tangaran da ake ɗaurawa a kan kowace silinda ta injin fetur, wanda ke ƙyasta wutar da ke ƙona haɗin mai da iska. Tsohuwar mota irin Peugeot 504, wadda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, tana da guda huɗu, kuma wuta na bin su a jere kamar haka: 1-3-4-2. Misali: Malam, fulogi ɗaya ya mutu, shi ya sa ba ta jan hawa.

Idan mota ta rasa ƙarfi, tana kakkarwa, salansa na fashewa kamar bindiga, da fulogi bakanike ke farawa. Man da bai ƙone a silinda ba ne ke gangarawa salansa mai zafi ya kama a can. Sai a bar inji yana aiki a zare wayoyin fulogi ɗaya bayan ɗaya. Wadda aka zare sautin bai sauya ba, nan matsalar take.

Bakin fulogi kan nuna ciwon. Baƙi ƙirin mai busasshen kunkunniya, kafireto na ba da mai fiye da kima. Jiƙe da baƙin mai, ringi ya ci. Fari fat kuwa, iska ta rinjayi mai, kuma a nan ne ake jin motar na tari ta bakin kafireto. Lafiyayye launin ƙasa-ƙasa yake.

In an sa sababbi fashewar ba ta daina ba, a duba taimin da bawul, a kuma tabbata ba a sassaɓa wayoyin ba. Kada a yi gaggawar sauke inji.