Daga Lund zuwa Kyoto: tarihin dashen ƙwayoyin halitta don cutar Parkinson

In kana bin titin Zariya ta Gyadi-Gyadi, ka san Asibitin Malam Aminu Kano. Mai kyarmar hannu da likitan ƙwaƙwalwa ya tabbatar wa cutar Parkinson a can, galibi levodopa za a rubuta masa. Tun ƙarshen shekarun 1960 ake ba da wannan magani, kuma sinadarinsa yana cikin 'ya'yan karara, wannan mai ƙaiƙayin. Yana sassauta ciwo, amma ba ya dawo da abin da ya mutu.

Me ya mutu? Ƙwayoyin da ke samar da dopamin a can tsakiyar ƙwaƙwalwa. Shi ya sa masana suka ce, to, a dasa sababbi mana.

A 1987 likitoci a Lund ta ƙasar Suwidin suka fara dasa wa majinyata ƙwayoyin da aka ciro daga ƙwaƙwalwar tayi. Wasu sun ji sauƙi na shekaru. Sai dai gwaje-gwaje biyu na Amurka, da aka fitar da sakamakonsu a 2001 da 2003, sun sanyaya gwiwa: amfanin bai fito fili ba, wasu ma jikinsu ya riƙa fizga ba da son ransu ba. Ga kuma tambayar halacci, don majinyaci ɗaya sai an haɗa masa tayi da yawa. Aikin ya yi kwantai.

Shinya Yamanaka na Japan ne ya buɗe wata ƙofa. A 2007 ya mayar da ƙwayar fatar baligi ta koma ƙwayar asali, wadda za a iya sarrafa ta ta zama mai samar da dopamin. A 2018 tawagar Jun Takahashi ta yi dashen farko a Kyoto. A Afrilun 2025 mujallar Nature ta buga sakamakon mutum 7 na Kyoto da wasu 12 na Amurka da Kanada. Ba a ga ƙari ya tsiro ba, wanda shi ne babban abin tsoro, kuma hoton ƙwaƙwalwa ya nuna alamar ƙwayoyin sun rayu.

Mutum 19 ke nan fa. A ganina wannan ya nuna dashen bai cutar ba, bai kai ga nuna ya warkar ba. Na Lund ma haka suka faro da armashi. Kuma aikin tiyata ne, ana huda ƙoƙon kai a zuba ƙwayoyin da allura. Don haka garin "sitem sel" da ake tallata maka a WhatsApp a ce ka sa a ƙarƙashin harshe, ba shi da haɗi da wannan bincike, kada ya sa mahaifinka ya ajiye levodopa.