Tallafin Takin Zamani a Ƙasar Gwarzo: Tarihinsa da Masu Cin Moriyarsa

Kafin zuwan takin zamani, manoman Madadi da sauran ƙauyukan Gwarzo da Kabo sun dogara ne da takin gida, wato kashin dabbobi da toka da shara da ake kaiwa gona a kan jakuna da rani, da kuma shanun Fulani da ke kwana a gona bayan girbi. A wancan zamani hukuma ce ke karɓa daga hannun manomi, ta hanyar haraji da kuma hukumar cinikin gyaɗa, wadda ke sayen amfaninsa a farashin da bai kai na kasuwar duniya ba.

Tallafi, wato biyan wani kaso na kuɗin taki da gwamnati ke yi domin manomi ya same shi da rahusa, ya kankama a shekarar 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, ta kuma mayar da saye da rarraba taki hannun tarayya. A farkon shekarun 1980 jihar Kano ta kafa hukumar KNARDA da kamfanin KASCO domin kai kayan noma karkara. Gwamnatin Abacha ta janye tallafin a 1997, aka dawo da shi a 1999 da rangwamen kashi 25 cikin ɗari.

Matsalar da ta dabaibaye tsarin ita ce hanyar da buhu ke bi kafin ya iso gona, domin yakan ratsa ta hannun ɗan kwangila da sakatariyar ƙaramar hukuma da shugabannin mazaɓa, kuma a kowane zango sai an tsakuri wani abu. Wanda sunansa ke cikin takardar rabo, ko da bai mallaki fartanya ba, yakan karɓi kasonsa ya sayar wa 'yan kasuwa, su kuma su sayar wa manomi da tsada. Abin da ya rage yakan iso ƙauye bayan an gama noman fari, masara ta fara yin ɗorawa saboda yunwa, sai a ga magidanta da dama sun kewaye buhu ɗaya na kamfa ko yuriya ana auna musu da kwano. Mata da masu noma a gonar aro ko ta haya su ne suka fi shan wahalar shiga takardar.

A 2012 ministan gona Akinwumi Adesina, wanda ya ce kashi 11 cikin ɗari kacal na manoma ne ke samun takin gwamnati a tsohon tsari, ya ɓullo da shirin GES, inda manomin da ya yi rajista ke samun saƙo ta wayar salula ya je wurin dillali ya sayi buhu biyu a rabin farashi. Shirin ya rage yawan 'yan tsakiya, sai dai wanda ba shi da waya, ko kuɗin cika rabin da ke kansa a tsakiyar damina, ya sake zama ɗan kallo. A ƙarshen 2016 aka koma haɗa taki a cikin gida bisa yarjejeniya da Maroko, aka tsayar da buhu a naira 5,500, farashin da bai daɗe ba.

A duk waɗannan sauye-sauye, kusanci da masu rabo ya fi girman gona da buƙatar mai ita tasiri wajen tantance wanda zai samu.