Yadda Ilmin Tsara Cikin Ɗaki Ya Tashi Daga Hannun Magina Ya Shiga Jami'a

Gaya tsohon gari ne a gabashin Kano, har masu riƙe da labarin kaka da kakanni suna cewa daga can ne maƙeran nan Abagayawa suka taso suka zo gindin Dala neman tama, tun ba a san za a yi birni a wurin ba. Littafin tarihin sarakunan Kano kuma ya nuna cewa Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi sarauta daga 1703 zuwa 1731, uwarsa mutuniyar Gaya ce, a zamaninsa kuwa aka gina wa Gaya da Takai da waɗansu garuruwa ganuwa. To, garin da aka kewaye da ganuwa ba ya rasa magina, kuma a hannun waɗannan magina ne ilmin gyaran cikin ɗaki ya daɗe, kafin a san wani abu wai shi jami'a.

A wancan zamani babu wani mutum dabam wanda a ke kira domin ya ƙawata ɗaki bayan an gama ginawa. Wanda ya gina shi ne ya ƙawata, domin adon soro yana cikin ƙirarsa ne. Dalili kuwa shi ne azara. Ita azara daga gangar giginya a ke tsaga ta, gara ba ta cinta da sauƙi, amma in an ɗora mata nauyin ƙasa ba ta iya ƙetare fili fiye da wajen ƙafa 6 ba tare da ta lanƙwashe ba. Wanda ya ke son ɗaki mai faɗi, tilas magini ya yi masa dabara. Sai ya kafa azara a jikin bango daga wannan gefe da wancan, ya ɗaure da igiya, ya yaɓe, ya bari ta bushe, sa'an nan ya ɗora wata ta zarce ta farko, kowacce tana ƙara sunkuyowa, har ɓangarorin biyu su haɗu a tsakiya. Wannan shi ne bakan gizo. In aka gicciya biyu ko fiye suka haɗu a ƙololuwa, sai a ce ɗaurin guga, domin ya yi kama da 'yan sandunan nan da a ke gicciyawa a bakin guga. A tsakanin bakunan kuma sai a jera gajerun azaru, waɗansu a miƙe, waɗansu a karkace, har wanda ya shigo zaure ya ɗaga kai ya ga kamar saƙa. Gwanin magini ya kan kafa tasa ko farantin tangaran a daidai mahaɗar, ya fid da alkuki a bango domin fitila, ya yi zanen dagi a kan ƙofa tun yaɓen yana ɗanye.

Koyon wannan sana'a gado ne. Yaro ya kan fara da kwaɓa ƙasa da curin tubali, ya koma jefa wa ubansa tubali a kan bango, daga nan a ba shi yaɓe, sa'an nan katanga, sai ya yi shekaru kafin a yarda ya taɓa rufi. Bakan gizo shi ne ƙarshen karatu, ba kowa ke kai wa gare shi ba. Babu takarda, babu allo. Magini ya kan shata ɗaki a ƙasa da ƙafarsa, ya auna da taki da kamu, sauran lissafin yana cikin kansa. Da rani a ke yin aikin, in damina ta sauka malami da almajiri duk su koma gona. A manyan garuruwa akwai Sarkin Magina, shi ke tara su in za a gyara fada ko masallaci ko ganuwa. Mutane kuwa suna jin tsoronsu, ana cewa suna da asirin hana faɗuwa daga bisa.

Amma rabin aikin na mata ne, ko da ya ke ba a cika ambatonsu ba. In magini ya sauka, mata ke taruwa su yi daɓe, su baza tsakuwa da ƙasa, su yi ta bugu da madaɓi suna waƙa, suna yayyafa ruwan makuba, watau jiƙon ɓawon ɗorawa, har ƙasan ɗakin ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Su ke shafa farar ƙasa. In an kawo amarya kuma, su ke yin jere, su tsara ƙore da tasoshi da kwanuka tun daga ƙasa har kusa da rufi, kowane a mazauninsa. A ƙauyukan ƙasar Gaya da Ajingi, kamar sauran karkarar Kano, soro na hakimi ne da dagaci da attajiri da babban malami, talaka ɗakin ciyawa ya ke kwana, saboda haka a mafi yawan gidaje daɓe da jere su ne dukan adon, watau mace ce mai tsara cikin ɗaki.

Wanda ya kai wannan ilmi matuƙa shi ne Muhammadu Durugu, wanda a ke kira Babban Gwani. Shi ya gina masallacin Jumma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, cikin shekarun 1830. A wancan zamani, daga waje ginin ba shi da wani ƙawa mai yawa, sai an shiga a ke ganin ginshiƙai da bakuna suna tashi suna rarrabuwa kamar rassan itace. Ana ba da labari wai wani sarki ya sa aka kashe shi bayan ya gina masa masallaci, don kada ya gina wa wani wanda ya fi shi. Ko labarin ya inganta ko bai inganta ba, ya isa ya nuna darajar gwani a idon mutanen da.

Turawa suka ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, ya riƙa kawo siminti da kwanon rufi da katako. Da farko su kansu Turawa a soraye suka zauna, Gidan Ɗan Hausa da ke Nasarawa shaida ne. Amma a hankali Ma'aikatar Ayyuka ta horar da birkiloli da kafintoci, har a 1951 aka gama sabon masallacin Jumma'a na Kano da siminti a zamanin Sarki Abdullahi Bayero. Tun daga nan mai kuɗi ya fara jin kunyar ginin ƙasa.

Karatun zanen gine-gine na boko kuwa a Ibadan aka fara shi a 1952, a wata babbar kwaleji ta gwamnati, aka maido sashen Zariya a 1955, da aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962 ya zama ɗaya daga cikin sassanta. Malaman farko Turawa ne, tsarin karatun kuma na Ingila ne. Abin mamaki, ɗalibi yana zaune 'yan mil kaɗan daga masallacin Babban Gwani, amma gine-ginen Girka da Rum a ke fara koya masa. Wani ɗan ƙasar Folan mai suna Zbigniew Dmochowski shi ne ya ɗauki wahalar bin gari gari tun daga 1958, tare da samarin Nijeriya, yana auna fadoji da masallatai yana zana su a takarda. Shi ya tsara wurin adana gine-ginen gargajiya na Jos, inda aka kira magina suka gina kwatankwacin masallacin Zariya da ganuwar Kano. Ya rasu a 1982, ba a buga littattafansa uku ba sai 1990. Daga cikin 'yan ƙasa kuma Hamman Tukur Sa'ad ya zauna da magina ya ji ta bakinsu, ya rubuta littafin digirinsa na uku a kan haka a Amurka a 1981.

Jami'a ta matso kusa da Gaya a 2001, sa'ad da gwamnatin Jihar Kano ta buɗe Jami'ar Kimiyya da Fasaha a Wudil, wadda aka sa wa sunan Aliko Ɗangote a 2022, tana kuwa da sashen zanen gine-gine. A ƙarshen 2022 ɗin ne kuma Hukumar Jami'o'in Nijeriya ta fid da sabon tsarin karatu wanda ya ware tsara cikin gini ya zama fanni mai zaman kansa, dabam da zanen ginin. Mai karatun nan ya kan koyi zane da hannu da kwamfuta, da yadda haske da iska ke shiga ɗaki, da halin katako da fenti da tayil, da hanyar fita in gobara ta tashi. Ilmi ne mai amfani ƙwarai, kuma ƙofarsa a buɗe ta ke ga mace da namiji, ga ɗan magini da ɗan manomi, abin da gado bai yarda da shi ba.

Sai dai jami'a ta raba abin da magini ya haɗa, ta zo kuma a daidai lokacin da kayan aikinsa ke ƙarewa. Giginya ta yi wuya. Laso, wanda a ke shafe rufin soro da shi don kada ya yi yoyo, da katsin marina da gashin jima da dafara a ke haɗa shi, ga shi kuwa marina da yawa sun mutu. Soro yana son yaɓe kowace shekara, magada kuwa sun fi son su rushe su sa bulo da kwano, ko da za su kwana a waje da bazara saboda zafi, alhali kaurin bangon ƙasa ya kan tsare rana da yini ya saki ɗumi da dare. Dmochowski ya auna sorayen, amma takarda ba ta nuna yadda a ke gane ƙasar da ta ruɓa ta isa gini, ko kwana nawa za a jira kafin a ɗora azara ta gaba. Wannan yana hannun 'yan tsofaffin magina da suka rage a garuruwa irin su Gaya, 'ya'yansu kuwa da yawa sun koma birkiloli.