Jirgin Tururin Sudan da Mutanen da Suka Riƙe Shi

Tsakanin Luksor da Aswan, a kan kogin Nilu, jiragen 'yan yawon buɗe ido sun yi yawa ƙwarai, kuma kusan duka injin dizal ke tura su. Ɗaya daga cikinsu ya fita daban. Sunansa Sudan, an ƙera shi a Skotland aka gama a 1921, kuma har yau tururi ke juya manyan wili biyu da ke gefensa, suna dukan ruwa suna tura shi gaba. Masu shi suna tallata shi da sunan Agatha Christie, marubuciyar nan ta Ingila da ta bi Nilu a 1933 tare da mijinta, daga baya ta fitar da littafinta Death on the Nile a 1937. A ganina tarihin jirgin ya fi wannan nauyi, kuma ya faro tun kafin a haife ta.

A 1869, shekarar da aka buɗe mashigin Suwez, Thomas Cook, ɗan Ingila mai kamfanin yawon buɗe ido, ya kawo ayarinsa na farko Masar, ya yi hayar jiragen tururi biyu ya hau da su kogin. Kafin nan mai son ganin kufan Fir'aunoni sai ya ɗauki dahabiya, jirgin da iska ke turawa, ya shafe wata biyu ko uku yana jiran iskar arewa. Idan iska ta kwanta, ma'aikatan jirgin ne ke sauka gaɓa su ja shi da igiya. Tururi ya mayar da tafiyar Alƙahira zuwa Aswan da dawowa kusan mako uku, da ranar tashi da ranar sauka a rubuce. Ɗan Thomas Cook, John Mason Cook, ya samu izinin Khedive Isma'il, mai mulkin Masar, na gudanar da jiragen fasinja na gwamnati, kuma cikin 'yan shekaru harkar kogin ta koma hannunsa.

Ga wurin da takardun talla ba sa tsayawa. A 1884 dakarun Mahdi Muhammad Ahmad suka yi wa Janar Gordon na Ingila ƙawanya a Khartum. Gwamnatin Ingila ta tura Janar Wolseley ya ceto shi, kuma kamfanin Cook aka ba kwangilar jigilar rundunar zuwa Wadi Halfa: soja kusan 18,000 na Ingila da Masar, da kayan yaƙi da abinci, da ƙananan kwalekwale kusan 800. An dakatar da yawon buɗe ido na wannan shekara. Jiragen da suka saba ɗaukar masu kallon gumaka su ne suka ɗauki masu bindiga. 'Yan gaban rundunar sun isa Khartum ranar 28 ga Janairu 1885, kwana biyu bayan birnin ya faɗi an kashe Gordon. Jiragen sun dawo a ragargaje, shi ya sa Cook ya fara ƙera nasa na kansa, manya masu ƙawa, har aka kai ga jiragen Egypt da Arabia, sannan Sudan.

Mu ma mun san wannan labari a namu kogunan. A 1854 wani Bature, Baikie, ya shiga Binuwai da jirgin tururi mai suna Pleiad, mutanensa na shan kwinin, kuma babu Bature ko ɗaya da zazzaɓi ya kashe. 'Yan kasuwa suka biyo shi, kamfanin Neja ya biyo su, a 1900 kuma Lugga ya ɗaga tuta a Lokoja. Duk inda hayaƙin jirgin nan ya bayyana a Afirka a wancan zamani, mulki na tafe a bayansa.

Jirgin Sudan ya zo a kan gaɓa. Shekara guda da fara aikinsa, a Nuwamban 1922, Howard Carter ya gano kabarin Tutankhamun, attajiran Turai da Amurka suka yi ta tururuwa zuwa Luksor. Yaƙin Duniya na Biyu ya katse wannan kasuwa, jirgin ya yi shekaru masu yawa a ɗaure. Wajen shekarar 2000 kamfanin Faransa Voyageurs du Monde ya karɓe shi, aka gyara, ya koma aiki. Shi kansa kamfanin Thomas Cook ya durƙushe a 2019, jirgin da ya ƙera kuwa yana nan yana tafiya.

Na gan shi da la'asar a Aswan, ina cikin faluka, ƙaramin jirgin iska, tare da wani dattijo Banube da ke tuƙa mu. Tun kafin ya ɓullo muka ji sautin wilinsa, tamkar mata na daka a turmi ɗaya. Dattijon bai kalli barandar katako da fasinjoji ke shan shayi ba. Ɗakin matuƙi ya ɗaga wa hannu. Ya ce min irin wannan jirgi ba kowane rayyis, wato matuƙin jirgi, ke iya shi ba, domin ba ya tsayawa nan take, ba ya juyawa da sauri, kuma yashin Nilu yana sauya wuri. Rayyis yana karanta launin ruwa da yadda yake murɗawa, ilimin da galibi ɗa ke gada wurin uba a ƙauyukan kudancin Masar.

Ɗakunan jirgin ashirin da 'yan kai ne, kowanne da sunan wani shahararre: Agatha Christie, Howard Carter, Sarki Faruk, Ummu Kulsum, Najib Mahfuz. Na ji daɗin ganin sunayen Misirawa a ciki. Amma waɗanda suka riƙe wannan sana'a tun zamanin Cook su ne matuƙa da masu hura wuta a ƙasan jirgi cikin zafin Masar, da kuku da masu hidimar tebur, da yawansu Nubawa. Nubawan ne kuma aka tasa daga garuruwansu lokacin da aka gina babbar madatsar Aswan a shekarun 1960. Tsohuwar Wadi Halfa, inda Cook ya sauke sojojin Wolseley, tana ƙarƙashin ruwa yanzu, mutanen yankinta kusan 50,000 aka kwashe zuwa Khashm al-Girba a gabashin ƙasar Sudan.

Duk da haka ina son jirgin nan ya ci gaba da tafiya, kada a ɗaure shi a mayar da shi gidan tarihi. Injin tururi mai shekara ɗari ba shi da kantin kayan gyara. Abin da ya lalace sai an ƙera shi da hannu, kuma mai gyaran sai ya san sautin injin lafiyayye kafin ya gane na mai ciwo. Muddin ana kunna tukunyar, dole a samu saurayin da zai tsaya kusa da tsohon makaniki yana koyo, da wani a gefen rayyis lokacin da za a shiga ƙofar ruwa ta Esna, inda faɗin jirgin da wilinsa ke barin 'yar tazara kaɗan tsakaninsa da bango. Kuɗin tikitin attajiran da ke sama su ke biyan albashin waɗannan mutane, kuma da za a tambaye ni, da ɗaki ɗaya cikin ɗakunan nan ya ɗauki sunan wani rayyis.