Ɗan Lise da Kakin Soja

Daga filin Ƙaramar Kasuwar Yamai, wadda ake kira Petit Marché da faransanci, Habu Ganda da zabarmanci, taku kaɗan ne mutum ya gangara zuwa gadar Kennedy. Duk mai son a shigar da horon soja cikin lise-lisen gwamnati, don a koya wa yara ladabi da kishin ƙasa, ya kamata ya fara yin wannan ƴar tafiya, domin a kan gadar ne ɗan makaranta da mai bindiga suka yi haɗuwar da Nijar ba ta manta ba.

Sa wa yaro kaki ba sabon abu ba ne a wannan yanki. Tun 1923 Faransawa suka buɗe makarantar ƴaƴan sojoji a Saint-Louis ta Senegal, don su raini ƙananan hafsoshin da rundunarsu ke bukata. Seyni Kountché ya bi ta irin waɗannan makarantu, a Kati ta Mali da kuma Saint-Louis ɗin. Ingilishi ma sun yi tasu a Zariya a 1954. Nijar ba ta samu tata ba sai 1996, da aka kafa Prytanée ta Yamai. Sai dai a lura da abu guda: dukkansu makarantu ne na daban, masu katanga da ɗakunan kwana, kuma yaron da ya shiga Prytanée jarabawa ya ci, da yardar iyayensa. Lise kuwa ta kowa ce, da ɗan mai tumatur na kasuwa da ɗan minista.

Tsakanin wannan lise ta kowa da bariki, zumunci bai taɓa daɗewa ba. Ranar 15 ga Afrilu 1974, da soja suka kifar da Diori Hamani, ɗalibai na cikin waɗanda suka yi murna, don sun sha yajin karatu a ƙarshen mulkinsa. Murnar ba ta je ko'ina ba. Kountché ya farfaɗo da Samariya don ya riƙe matasa a hannu, amma ƙungiyar ɗalibai ta USN ta ƙi shiga sahu. A watan Mayu na 1983 aka kwashi ɗalibai masu yaji zuwa barikin Tondibiya, kuma a can Amadou Boubacar ya rasu a tsare. Ga waɗanda suka yi makaranta a lokacin, kalmar «horo» idan ta fito daga bakin soja ma'anarta ta biyu suke fara ji, wato hukunci.

Sai ranar Juma'a 9 ga Fabrairu 1990, zamanin Ali Saibou. Ɗalibai suka taso daga jami'a, a ƙetaren kogi, suna adawa da matakan tsuke bakin aljihu da suka taɓa ilimi. Jami'an tsaro suka tare su a gada, suka buɗe wuta. Uku suka mutu: Alio Nahantchi, Issaka Kaïné da Abdou Mamane Saguirou. Wannan jini na cikin abin da ya kai ƙasa ga Babban Taron Ƙasa na 1991.

Masu goyon bayan horon suna da hujja: yaron da ya yi fareti tare da soja ba zai ɗauke shi dodo ba, shi ma sojan zai yi nauyin ɗaga masa bindiga. Hujjar ba ta banza ba ce, balle ga ƙasar da ke binne sojojinta a Tillabéri da Diffa. Amma aji wuri ne da ake koya wa yaro ya ce «don me?», filin fareti kuwa wurin da ake hana shi faɗin haka, kuma malamin falsafa da sajan ba za su raba ɗalibi ɗaya a yini ɗaya ba sai ɗayansu ya sunkuya.

Kasuwar da kanta gobara ta cinye ta a 2012. Gadar tana nan, kuma kowace 9 ga Fabrairu ɗalibai na tunawa da mutanen nan uku.