"GYPSY" DA 'YAN UWANTA: ZAGI NE KO BA ZAGI BA?

Masu bin dambe sun san Tyson Fury da laƙabinsa na "Gypsy King", kuma yana alfahari da shi. Amma a 2021 ƙungiyar masana ƙwari ta Amurka ta daina kiran wani ƙwaro mai cinye ganyen itatuwa da sunan "gypsy moth", a 2022 ta raɗa masa "spongy moth". A Jamus ma, a 2020 kamfanin Knorr ya canza sunan miyarsa ta kwalba da ake kira "Zigeunersauce". Wasu na cewa rashin aikin yi ne, tunda har yau masana ba su gama yarda da asalin wasu kalmomin ba. To bari mu koma tarihi.

Al'ummar Roma dai ba su da alaƙa da birnin Rum, kuma sunansu ba daga ƙasar Romaniya ya fito ba. A harshensu "rom" na nufin mutum ko miji. Kakanninsu sun baro arewa maso yammacin Indiya wajen shekara dubu da suka wuce, suka bi ta Farisa da daular Rumawa ta gabas har suka shiga Turai. Harshensu ne ya nuna haka, domin ɗan uwan Hindi da Punjabi ne. Yau ana ƙiyasta sun kai miliyan 10 zuwa 12 a Turai.

Da suka iso, Turawa sun ɗauka daga Masar suke. Daga "Egyptian" aka samu "Gypsy" a Turanci da "gitano" a Sifaniyanci. Kun ga tun farko sunan kuskure ne. A 1530, zamanin Sarki Henry na Takwas, Ingila ta yi doka a kan waɗannan "Misirawa", ta zarge su da yaudarar jama'a ta hanyar duban tafin hannu da kuma sata, ta ce su fice daga ƙasar. A 1554 aka ƙara wata dokar mai hukuncin kisa ga wanda ya ƙi fita kuma ya ƙi barin rayuwar yawo. Ku riƙe wannan: hukuma ce da kanta ta haɗa sunan da ha'inci a rubuce.

A gabashi da tsakiyar Turai wani sunan ne ya bazu: "tsigan" a Romaniya, "cigány" a Hungari, "Zigeuner" a Jamus. Nan ne ake gardamar asali. Da yawa na ganin daga kalmar Girkanci "athinganoi" ne, wato waɗanda ba a taɓawa, sunan wata ƙungiyar addini ta zamanin Rumawa. Wasu masanan ba su gamsu ba. Sai dai abin da aka aikata da kalmar babu gardama a kansa. A Walakiya da Moldabiya, waɗanda daga baya suka haɗu suka zama Romaniya, an bautar da Roma kusan shekara 500. Takardar 1385 ta nuna sarkin Walakiya yana tabbatar wa wani gidan ibada na Kirista kyautar iyalai 40. Ba a soke bautar ba sai 1855 da 1856, kuma a tsawon lokacin "tsigan" da "bawa" kusan abu guda suke nufi.

Sai zamanin Hitila. A sansanin Auschwitz an ware musu ɓangare na musamman, ana zana musu lamba a hannu da harafin Z a gaba, wato Zigeuner. A daren 2 ga Agusta 1944 an kashe fiye da mutum 4,000 da suka rage a ɓangaren, maza da mata da yara. Jimillar waɗanda aka hallaka a faɗin Turai ana ƙiyasta ta tsakanin 250,000 da 500,000. Sai a 1982 gwamnatin Jamus ta Yamma, a bakin Helmut Schmidt, ta amince kisan ƙare dangi ne. To mutumin da kakarsa ke da Z a hannu, me ya dame shi da ko daga Girkanci kalmar ta fito ko daga wani wurin?

Yanzu ga wadda ta fi jawo musu: "gyp", kalmar yau da kullum a Turancin Amurka mai nufin cuta ko damfara, kamar a ce an cuce ni a ciniki. Ta bayyana a rubuce a ƙarshen ƙarni na 19. Yawancin ƙamus na cewa mai yiwuwa gajarta "Gypsy" aka yi. Masu ja kuma na nuna cewa tun kafin nan a Jami'ar Cambridge ana kiran masu yi wa ɗalibai hidima "gyp", kalmar da wasu ke danganta ta da sunan wata gajeriyar riga. Akwai kuma "gyp" ta Ingila mai nufin zogi, kamar ciwon gwiwa, wadda ake ganin hanyarta daban ce.

A ganina, asalin kalma shaida ce guda ɗaya, ba ita ce alƙali ba. Dubi misalan nan. "Gypsy" asalinta a bayyane yake, kuma babu zagi a cewa mutum Bamisire ne, amma an yi amfani da ita an kori mutane an rataye su. "Zigeuner" ana gardamar asalinta, amma babbar majalisar Sinti da Roma ta Jamus ta daɗe da cewa ba ta so. Ita kuwa "gyp", ko da gobe an tabbatar daga rigar bara ta fito, kunnen mai sauraro "Gypsy" yake ji, ma'anar kuma damfara ce, zargin da ake bin su da shi tun 1530. Wannan haɗuwar ce ke sa ta ciwo. Amma wanda ya ce gwiwarsa na ba shi "gyp" bai taɓa kowa ba, kuma zalunci ne a sa shi a layi ɗaya da mai zagi.

Shi Fury fa? Asalinsa daga matafiyan Ailan ne, wata al'umma daban da ba daga Indiya ta zo ba, Turawa ne suka tara su a suna ɗaya. A Ingila akwai Roma da yawa masu kiran kansu "Gypsy" da alfahari, haka "gitano" a Sifaniya. Wannan haƙƙinsu ne. Amma a Afrilun 1971, a babban taronsu na duniya na farko kusa da Landan, wakilansu sun zaɓi "Roma", shi ya sa 8 ga Afrilu ta zama ranarsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Galibin masu furta waɗannan kalmomi ba su san tarihin ba, kuma ba a kama mutum da laifin abin da bai sani ba. Amma in an faɗa maka, sai ka tsaya kan cewa ai masana ba su tabbatar ba, to ka san ba ilimi kake karewa ba. Turanci na da kalmomin damfara barkatai, babu asarar da za ka yi in ka ajiye guda ɗaya.

Allah Ya sa mu iya bakinmu.