Mai gadin da ba ya riƙe gora: daga Citibank zuwa Target

Wannan makon za mu waiwayi tarihin masu sa ido kan tsaron bayanai a manyan kamfanoni.

A 1994 wani ɗan Rasha, Vladimir Levin, daga birnin St. Petersburg ya kutsa cikin tsarin tura kuɗi na bankin Citibank. Shi da abokan cin mushensa suka karkatar da fiye da dala miliyan 10 zuwa asusu a ƙasashe daban-daban. An ƙwato kuɗin, ban da kusan dala 400,000. An cafke Levin a Landan a 1995, kotun Amurka ta yanke masa ɗaurin shekara 3 a 1998. Bankin kuwa ya ɗauko Steve Katz a 1995, wanda ake ɗauka a matsayin mutum na farko da aka naɗa babban jami'in tsaron bayanai na kamfani.

A ƙarƙashin irin wannan jami'i ne manazarta ke aiki. Suna bin kundin shige da fice na kwamfutoci: wa ya shiga, daga ina, ƙarfe nawa, me ya kwafa. Manhajoji na buga musu ƙararrawa dare da rana, yawancinta ta banza. Gwanintar ita ce tsamo ta gaskiya, a rubuta rahoton da zai sa shugabanni su motsa.

Nan gizo ke saƙar. A ƙarshen 2013 ɓarayi suka shiga kwamfutocin kantunan Target na Amurka da bayanan shiga na wani ɗan kwangilar na'urorin sanyaya wuri. Manhajar FireEye ta buga ƙararrawa, masu sa ido a Bangalore ta Indiya suka sanar da hedikwata a Minneapolis, amma ba a ɗauki mataki nan take ba. Aka kwashe bayanan katunan banki kusan miliyan 40. A watan Mayun 2014 shugaban kamfanin, Gregg Steinhafel, ya sauka daga kujerarsa.

Mu marubuta mun fi son ɗan kutse a labaranmu, yana danna madannai cikin duhu. Sai dai wanda ya ga ɓarawo, ya faɗa, ba a saurare shi ba, ya fi shi labari. Wa zai fara gwada mana shi? Muna jiran rubutunku.